Goge shirye-shiryen podkas: Abin da ke tafiya da abin da ke saura a waya da kwamfuta

Ga mutane da dama da ke sauraron shirye-shiryen podkas, ranar da wayar salula ta ƙi ɗaukar hoto, ko ta ƙi karɓar saƙo saboda ma'adanarta ta cika, ita ce ranar da sukan gano cewa shirye-shiryen da suka saurara tun watannin baya suna nan jibge a cikinta.

Abin da akan yi a irin wannan hali shi ne a hau goge-goge cikin gaggawa. Sai dai kalmar gogewa a nan ba abu ɗaya take nufi ba. Akwai wadda ke fitar da fayil daga waya ta bar sunan shirin a jeri. Akwai wadda ke kawar da sunan daga idon mutum alhali fayil ɗin na nan yana cin wuri. Akwai kuma wadda in an yi ta, ba a sake samun shirin ko da an nema da kuɗi.

Sanin bambancin waɗannan ya fi muhimmanci a ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda akasarin wayoyin da ke hannun jama'a ba su da babbar ma'adana, kuma duk abin da za a sake saukewa sai an biya kuɗin data.

Yadda abin ya samo asali

Podkas dai shiri ne na sauti da ake fitarwa kashi-kashi ta intanet. Mai shirin yakan ajiye fayilolinsa a wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, sannan ya wallafa wani jeri mai suna RSS, wanda ke ɗauke da sunan kowane kashi da ranar fitowarsa da adireshin inda fayil ɗin yake. Aikin manhajar da ke cikin waya shi ne ta riƙa leƙa wannan jeri lokaci zuwa lokaci, in ta ga sabon abu ta ɗauko.

Wani masanin manhaja ɗan Amurka, Dave Winer, shi ne ya ƙara wa tsarin RSS damar ɗaukar fayil ɗin sauti a ƙarshen shekarar 2000. Kalmar podkas kuwa ta fara fitowa ne a watan Fabrairun 2004, cikin wata maƙala da ɗan jarida Ben Hammersley ya rubuta a jaridar Guardian ta Ingila, inda aka haɗa sunan na'urar iPod da kalmar Ingilishi mai nufin watsa shirye-shirye. A watan Yunin 2005 kamfanin Apple ya shigar da podkas cikin manhajarsa ta iTunes, kuma ya ce a cikin kwana biyu an yi rajistar shirye-shirye fiye da sau miliyan ɗaya.

Wannan tarihi shi ne tushen matsalar cikar ma'adana. A wancan lokaci na'urar iPod ba ta shiga intanet da kanta, kuma layin intanet na gidaje ba shi da sauri. Saboda haka aka tsara abin ta yadda kwamfuta za ta sauke shirye-shirye cikin dare ba tare da ta tambayi kowa ba, da safe mutum ya jona na'urarsa ya kwashe ya fita. An daina ƙera iPod a 2022, amma ɗabi'ar saukewa ba tare da neman izini ba ta biyo podkas har cikin wayoyin yau. A manhajar Apple, alal misali, da zarar mutum ya danna alamar bin wani shiri, sabbin fitowa za su riƙa sauka da kansu sai in ya hana.

Nauyin sauti

Girman fayil ɗin sauti ya dogara ne a kan abu biyu, wato tsawonsa da kuma ingancin da aka adana shi da shi. Ana auna ingancin da yawan kilobit a kowace daƙiƙa. Shirin da aka adana a kan kilobit 128, wanda shi ne ma'aunin da masu shirye-shirye da dama ke amfani da shi, yana cin kusan megabait ɗaya a kowane minti, wato kimanin megabait 58 a sa'a guda. Wanda aka adana a kan kilobit 64, wanda ya wadatar ga magana zalla, yana cin rabin haka, kimanin megabait 29.

Wannan ba wani abu ba ne a ido, sai an tara. Shirin labarai na rabin sa'a da ke fitowa kullum a kan kilobit 64 zai ci gigabait 5 da ɗoriya a shekara, daidai da dukkan abin da iPod ta farko ta shekarar 2001 ke iya ɗauka. Mutumin da ke bin shirye-shirye goma na mako-mako, kowanne na sa'a guda a kan kilobit 128, yana tara kusan gigabait biyu da rabi a wata, wato kimanin gigabait 30 a shekara. Wayar da aka rubuta gigabait 32 a kwalinta ba za ta iya ɗaukar wannan ba, domin tsarin da ke tafiyar da wayar da manhajojin da suka zo da ita sun riga sun cinye wani babban kaso tun kafin a kunna ta.

Shirye-shiryen da ke da hoton bidiyo, waɗanda suka yawaita a 'yan shekarun nan, nauyinsu kan ninka na sauti sau goma ko fiye.

Haka lissafin yake ga karatuttukan malamai. Idan aka ɗauki tafsirin watan azumi mai zama 30, kowane zama sa'a ɗaya da rabi, to jimlarsa sa'o'i 45 ke nan, wato gigabait 1.3 a ƙaramin inganci, ko 2.6 a babba. Tafsirin shekara uku na malamai biyu ya isa ya toshe ƙaramar waya.

A wayar iPhone

Manhajar Podcasts ta Apple ta zama mai zaman kanta a 2012, kuma tun 2014 take zuwa a cikin kowace wayar iPhone. Da yake waɗannan wayoyi ba su da gurbin sa katin memori, duk abin da aka sauke a cikin wayar yake zama.

Hanya mafi sauƙi ta ganin ɓarnar ita ce a shiga "Settings", daga nan "General", sannan "iPhone Storage". A nan wayar ke jera manhajoji gwargwadon wurin da kowacce ta ci. Idan aka taɓa Podcasts za a ga sunayen shirye-shirye da nauyin kowanne, kuma ana iya jan suna zuwa hagu a goge dukkan abin da aka sauke na wannan shiri a lokaci guda.

A wannan shafi akwai wani maɓalli da ke yaudarar mutane, mai suna "Offload App". Shi manhajar kawai yake cirewa, ya bar kayan da ta tara. Tun da kayan su ne masu nauyin, wurin da ake samu bai taka kara ya karya ba.

A cikin manhajar kanta, umarnin "Remove Download" shi ne ke fitar da fayil ya bar sunan kashin a jeri, ta yadda za a iya sake saukewa ko a saurara kai tsaye ta intanet. Daina bin shiri kuwa yana tsayar da sabbin fitowa ne kawai, abin da ya riga ya sauka yana nan. Haka kuma cire kashi daga layin abin da za a saurara a gaba bai taɓa fayil ɗin ba.

Maganin da ya fi ɗorewa yana cikin saitin manhajar. Akwai zaɓin "Remove Played Downloads", wanda ke goge kashi sa'o'i 24 bayan an gama sauraronsa. Sai dai sharaɗin shi ne a kai ƙarshe. Mutumin da ya saba kashe shiri saura minti biyar, lokacin da aka shiga godiya da tallace-tallace, zai iya tarar da cewa manhajar na ƙidaya shi cikin waɗanda ba a gama ba, sai fa in ya sa masa alamar an saurara da hannunsa. Tun daga watan Mayun 2022 Apple ya ƙara damar ƙayyade yawan abin da za a riƙe, ko dai ta adadi, kamar kashi uku ko biyar ko goma na baya-bayan nan, ko ta lokaci, kamar na mako guda ko na wata guda. Duk kashin da aka sa wa alamar ajiya, wato "Save", wannan shara ba ta taɓa shi.

Wani sauyi da kamfanin ya yi a 2023 ya nuna girman abin da ake saukewa ba tare da an saurara ba. Da ma manhajar kan dakatar da saukewa idan mutum ya yi watsi da shiri na wani lokaci. Amma a da, ranar da ya dawo ya kunna kashi ɗaya, sai ta kwaso masa dukkan waɗanda suka wuce shi. Da fitowar iOS 17 aka daina wannan, nan take alƙaluman saukewa na manyan kamfanonin podkas suka faɗi, ba don masu sauraro sun ragu ba, sai don an daina ƙidaya fayilolin da babu kunnen da ya taɓa jin su.

A wayoyin Android

Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duka na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, da kuma na Samsung da Xiaomi, duk a kan Android suke aiki, kuma su ne suka fi yawa a kasuwannin Afirka ta Yamma. A nan babu manhaja guda da kowa ke amfani da ita. Kamfanin Google ya fitar da tasa a 2018, amma ya rufe ta a 2024, ya tura masu amfani da ita zuwa YouTube Music.

Abin da ya haɗa su duka shi ne shafin da ake samu idan aka shiga saitin waya, aka zaɓi manhaja, aka buɗe sashen ajiyarta. Maɓallai biyu ne a wurin, kusa da juna, kuma aikinsu ya sha bamban.

Na farko, "Clear cache", yana share ajiyar wucin gadi ne, wato hotunan bangon shirye-shirye da guntayen sautin da manhaja ta riƙe lokacin da ake sauraro kai tsaye. Share wannan ba shi da haɗari, sai dai zai sake taruwa. Na biyu, wanda akan rubuta "Clear data" ko "Clear storage", yana mayar da manhajar kamar yau aka saka ta. Ga mai amfani da Spotify ko YouTube Music, asarar ta tsaya a kan abin da ya sauke, domin jerin shirye-shiryen da yake bi na ajiye a asusunsa. Amma ga mai amfani da manhaja irin AntennaPod, wadda kyauta ce kuma ba ta buƙatar asusu, danna wannan maɓalli na nufin tafiyar jerin shirye-shiryensa da tarihin inda ya tsaya a kowanne, baki ɗaya.

Rigakafin wannan shi ne wani ɗan ƙaramin fayil da ake kira OPML, wanda ke ɗauke da adireshin dukkan shirye-shiryen da mutum ke bi. AntennaPod da Pocket Casts duka suna iya fitar da shi, suna kuma iya karɓarsa. Nauyinsa bai kai na hoto guda ba, ana iya tura wa kai ta imel. Amma adireshi kawai ke cikinsa, babu sauti.

Kowace manhaja da tata hanyar shara. AntennaPod na da zaɓin goge kashi da zarar an gama shi, tare da keɓe waɗanda aka sa wa alamar so. Pocket Casts na kiran nata aikin "Archive", wanda ke goge fayil ya kuma ɓoye sunan. Spotify na ba kowa damar sauke podkas, har da wanda ba ya biyan kuɗin wata, kuma a saitinta akwai umarnin cire dukkan abin da aka sauke gaba ɗaya. Sai dai abin da aka sauke a Spotify aro ne. Ba ya zama a matsayin fayil ɗin MP3 da za a iya kwafa zuwa wani wuri, kuma ƙa'idar kamfanin ita ce a shiga intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da aka sauke ya ɓace. Wanda zai yi doguwar tafiya zuwa inda babu sabis ya kamata ya san wannan kafin ya tashi.

Masu neman fayilolin da hannu ta hanyar manhajar duba fayil sukan yi mamakin rashin ganinsu. Dalili shi ne tun daga Android 11, wadda ta fito a 2020, an taƙaita shiga jakar da kowace manhaja ke ajiye kayanta. Ko da an samu shiga, gogewa ta bayan fage kan bar manhajar cikin ruɗu, tana nuna cewa shiri na nan alhali babu shi. Ya fi dacewa a goge daga cikin manhajar da ta sauke.

A kwamfuta

A 2019 Apple ya raba iTunes gida uku a kwamfutocin Mac, podkas ta samu manhajarta. Tun daga lokacin fayilolin ke zama a wata ɓoyayyiyar jaka a ƙarƙashin Library, da sunaye na lambobi da haruffa da ba sa nuna wane shiri ne. Ana ganin jimlar nauyinsu a sashen "Storage" na saitin kwamfutar, ana kuma iya gogewa daga nan. Abin lura shi ne asusun Apple yana daidaita jerin shirye-shiryen da mutum ke bi a tsakanin na'urorinsa, amma kowace na'ura da nata kwafin. Goge kashi a waya bai goge shi a kwamfuta ba. Ba abin mamaki ba ne kwamfutar da ba a taɓa sauraron podkas a kanta ba ta tara gigabait masu yawa, kawai don an taɓa buɗe manhajar sau ɗaya.

A kwamfutocin Windows kuwa, masu amfani da iTunes za su tarar da fayilolin a fili, a jakar Podcasts da ke cikin iTunes Media, a ƙarƙashin Music, kowane shiri da jakarsa. Idan aka zo gogewa, manhajar kan tambaya ko a bar fayil ɗin a inda yake ko a jefa shi kwandon shara. Wanda ya zaɓi a bari, sunan ne kawai ya ɓace daga jeri. Wanda ya zaɓi kwandon shara ma bai sami wuri ba tukuna, sai ya zubar da kwandon.

Duk da haka kwamfuta ce wurin da ya fi dacewa da ajiya mai tsawo, saboda faifanta ya fi girma, kuma fayil ɗin MP3 da aka kwafa zuwa jakar da mutum ya buɗe da kansa ya fita daga ikon kowace manhaja.

Abin da ba ya dawowa

Dukkan waɗannan tsare-tsare na shara an gina su ne a kan zato guda, cewa ainihin fayil ɗin na nan a uwar garke, duk lokacin da aka so za a sake ɗaukowa. A mafi yawan lokuta haka ne. Amma ba kullum ba.

Mai shiri yana biyan kuɗin ajiyar fayilolinsa ne wata-wata ko shekara-shekara. Ranar da ya gaji, ko ya rasu, ko kamfanin da ke ajiye masa ya rufe, sunayen na iya ci gaba da bayyana a manhaja na wani lokaci, amma in an taɓa babu abin da zai sauka. Ƙananan shirye-shirye, irin waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke yi da kuɗin aljihunsu, su suka fi shiga wannan haɗari, kuma shirye-shirye da yawa na harsunan Afirka a wannan rukuni suke. Wasu gidajen rediyo kuma da gangan suke barin shiri na kwana bakwai ko 30 kawai, wasu masu shirye-shiryen suna taƙaita jerinsu ga kashi 100 ko 300 na baya-bayan nan.

Manyan shirye-shirye ma ba su tsira ba. A watan Agustan 2018 Apple ya cire biyar daga cikin shirye-shirye shida na kafar Infowars ta Alex Jones daga kundinsa, bisa dalilin kalaman ƙiyayya. A 2020 shirin Joe Rogan, ɗaya daga cikin mafiya farin jini a duniya, ya koma Spotify kaɗai na wasu shekaru, kuma a watan Fabrairun 2022 aka cire kimanin kashi 70 daga cikinsa bayan ce-ce-ku-cen da ya taso kan kalaman wariyar launin fata. Manhajar Stitcher, wadda ta daɗe ana amfani da ita, ta rufe a watan Agustan 2023. A watan Oktoban 2024 jaridar New York Times ta mayar da tsofaffin fitowar shirye-shiryenta na masu biyan kuɗi kaɗai, ta bar 'yan na baya-bayan nan a buɗe. Ko mutum na ganin an yi daidai a wasu daga cikin waɗannan matakai ko a'a, darasin ga mai ajiya ɗaya ne, wato abin da ke kan uwar garken wani ba a hannunsa yake ba.

Akwai ma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Kamfanoni da yawa suna cusa talla ne a daidai lokacin da ake sauke fayil, kuma mai shiri na iya gyara kashi ya maye gurbin tsohon. Don haka abin da aka sake saukewa bana ba lallai ya zama daidai da wanda aka goge bara ba. Ga ɗalibi ko ɗan jarida da ke son kafa hujja da abin da wani ya faɗa a minti kaza, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sannan gogewa a waya ba kamar ta tsohuwar kwamfuta ba ce. Manhajojin podkas ba su da kwandon shara, kuma irin ma'adanar da ke cikin wayoyin zamani takan share gurbin da aka saki ba da jimawa ba, ga shi bayanan a kulle suke da lambobin sirri. Manhajojin da ke alƙawarin dawo da abin da aka goge ba kasafai suke cika alƙawari ba.

Wuri ko data

Inda intanet ɗin gida ke da arha kuma ba shi da iyaka, shawarar da akan bayar ita ce a daina saukewa gaba ɗaya, a riƙa sauraro kai tsaye. Wannan shawara ba ta dace da kowa ba. Sauraro kai tsaye yana cin data daidai da saukewa, domin fayil ɗin guda ne. Bambancin shi ne wanda ya sauke ya biya sau ɗaya, wanda ke sauraro kai tsaye kuwa yana iya biya duk lokacin da ya maimaita, ga katsewa in sabis ya yi rauni. A Najeriya, inda hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, goge abin da za a sake nema asara ce ta kuɗi a fili.

Saboda haka rabon da ya fi ma'ana shi ne tsakanin abin da ke tsufa da abin da ba ya tsufa. Labaran safiyar Talata da sharhin wasan ƙwallon makon jiya ba su da amfani bayan kwana biyu, waɗannan su suka dace da shara ta atomatik da ƙayyade adadi zuwa kashi ɗaya ko uku. Darasin harshe, ko karatun littafi, ko hira da wani dattijo kan tarihin garinsu, waɗannan akan koma musu, kuma su ne ya kamata a fitar daga manhaja a ajiye a wuri na dabam. Kusan dukkan manhajojin suna ba da damar yi wa kowane shiri nasa saitin. Suna kuma da zaɓin hana saukewa sai an hau Wi-Fi, wanda ke kare mutum daga wayar da za ta shanye datar wata guda yana barci. Masu sayen datar dare mai rahusa kuwa sukan gwammace su kashe saukewar atomatik, su sauke da hannu a lokacin da ta fi arha.

Sautin da bai biyo ta manhaja ba

A ƙasar Hausa, kaso mai yawa na sautin da ke cikin wayoyi bai taɓa bi ta manhajar podkas ba. Wa'azi da karatu da shirye-shiryen rediyo suna yawo ne ta zaurukan WhatsApp da Telegram, ko ta Xender da Bluetooth, ko kuma daga kwamfutocin masu tura kaya a kasuwannin waya irin ta Farm Centre a Kano. Waɗannan fayiloli ba su da wani jeri da za a koma a sake ɗaukowa, kuma babu wata shara ta atomatik da ke kula da su. Sau da yawa karatu guda yakan zauna a waya sau uku, ɗaya daga zauren 'yan uwa, ɗaya daga na abokan aiki, ɗaya kuma a jakar Xender.

Tun watan Nuwamban 2020 WhatsApp ke da sashen "Manage storage", wanda ke ware fayilolin da suka haura megabait biyar da waɗanda aka yi ta turawa, ya kuma nuna nauyin kowane zaure. Manhajar Files ta Google kuma tana iya zaƙulo fayilolin da suka maimaitu. Amma a nan ne ya fi kamata a yi hattara, domin muryar malamin unguwa da wani ɗalibi ya ɗauka da wayarsa wataƙila kwafinta bai wuce 'yan ƙalilan ba a duniya.

Katin memori shi ne mafakar da aka saba da ita, kuma AntennaPod da Spotify duka suna iya ajiye kayansu a kansa in wayar na da gurbi. Akwai hanya biyu ta saita kati a wayoyin Android da dama tun daga 2015. In aka saita shi a matsayin ma'adanar da ake cirewa, ana iya zare shi a sa a wata wayar, ko a rediyo mai cin kati, ko a kwamfuta. In kuwa aka haɗe shi da ma'adanar cikin waya, to an kulle shi da wannan wayar kaɗai, ranar da ta lalace ko aka sace ta, abin da ke kan katin ba zai karantu a ko'ina ba.

Katin gigabait 32 na gaskiya yakan nuna kimanin 29.8 a kwamfutar Windows, kuma wannan ba ha'inci ba ne, bambancin hanyar ƙidaya ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta. Ha'incin yana wajen jabun katuna, waɗanda ake yi wa dabara su nuna girman da ba su da shi. Irin wannan kati yakan karɓi fayiloli ba tare da gardama ba, sunayensu su bayyana a jeri, amma da zarar an wuce ainihin girmansa sai sababbi su riƙa hawa kan tsofaffi ko su lalace. Hanyar gane shi ita ce a cika shi da kaya tun yana sabo, sannan a buɗe fayilolin farko da na ƙarshe a ji ko suna magana, kafin a goge na cikin waya.